Bindigar auna zafi a wajen gashi da suya: ina za a yarda da ita, ina ba za a yarda ba?

Hajiya Rabi, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masana. Wannan ma'aunin zafi mai kama da bindiga, wanda ake haskawa daga nesa, ya fara yawa a hannun masu gashi da masu abincin biki a garin nan namu na Zariya. Za a iya dogara da shi a ce kaza ta gasu har ciki? Sannan me ke sa tukunya ɗaya a kan wuta ɗaya, a haska jikinta ya ce digiri 60 a ma'aunin Selsiyas (C), a haska man da ke cikinta ya ce 180?

Injiniya Bashir, Samaru:
Wa alaikumus salam Hajiya. Amsar tambayar farko a'a ce, babu kwana-kwana. Bindigar nan ba ta ganin cikin komai. Duk abu mai zafi yana fitar da wani haske da idon mutum ba ya gani, shi ake kira infarared. Idon da ke bakin bindigar shi ke tattara wannan hasken, ita kuma ta lissafa ta mayar da shi lamba. Hasken daga fatar abu yake tashi, daga saman da bai kai milimita ɗaya ba. Fatar kaza a kan garwashi tana iya nuna 150 alhali naman da ke manne da ƙashin cinya bai wuce 50 ba. Lambar gaskiya ce, amma ta fata ce.

Jan ɗigon da ake gani kuwa ba ya auna komai. Nuni ne kawai na inda aka saita. Ko an kashe shi awon bai canza ba. A dai kiyaye shi daga idon mutane, musamman yara.

Tambaya ta biyu ita ce mai zurfi. Abubuwa ba su fitar da wannan hasken daidai wa daida ko da zafinsu ɗaya ne. Ana ba kowane abu lamba tsakanin 0 da 1. Ruwa, mai, nama, ƙullu, tukunyar ƙasa, bulo, baƙin kasko da ya sha suya, duk suna tsakanin 0.90 da 0.96. Alminiyam mai ƙyalli kuwa yana ƙasa da 0.1, silba mai sheƙi ma ba ta yi nisa da nan ba. Yawancin bindigogin kasuwa, irin su GM320, an ɗaure su a kan 0.95 tun daga kamfani. Idan aka haska wa irin wannan tukunyar alminiyam mai ƙyalli wadda zafinta ya kai 200, za ta nuna tsakanin 50 da 70. Wannan shi ne 60 ɗin da kika ambata. Man da ke ciki shi ne ya faɗi gaskiya.

Malam Sani Mai Tsire, Sabon Gari:
Injiniya, bayaninka ya fita. Amma ni a wajen tsire ban ga gurbinta ba. Yankan tsire bai wuce kaurin milimita 4 ko 5 ba, kafin bayansa ya yi ja cikinsa ya riga ya nuna. Zafin wuta kuma tafin hannu ke auna shi: ka ɗora hannu kamar taƙi ɗaya a kan waya, in ka janye kafin ka ƙirga huɗu wuta ta yi ƙarfi, in ka kai shida ko bakwai ta daidaita, in ka kai goma sai a ƙara gawayi.

Injiniya Bashir, Samaru:
Malam Sani, a kan tsire maganarka dutse. Tafin hannu yana jin zafin da ke tasowa daga garwashi ya doki nama, bindiga kuwa ba ta iya auna wannan. Idan ka haska ta a kan wayar gashi, rabin abin da take gani waya ce, rabi garwashin da ke leƙowa ta ramukan. Garwashi mai ja ya haura 600, bindigar kuma iyakarta 380 ko 400, masu ɗan tsada 550. Sai ka ga lamba tana ta tsalle, ko ta rubuta HI, wato zafin ya wuce iyakarta. Ba ta auna iska, harshen wutar gas ma ratsa shi take yi ta auna abin da ke bayansa.

Dabarar ita ce a samu guntun baƙin ƙarfe mai faɗin tafin hannu, a ɗora a kan wayar minti 10, a haska shi. A matsar da shi tsakiya, gefe, kusurwa. Da haka ake sanin inda wuta ta fi cin nama da inda za a janye kaza ta ƙarasa a hankali. Ga yaron da ake koya wa gashi, wanda hannunsa bai saba ba tukuna, wannan yana da amfani.

Malama Hadiza, Kongo:
Bari in shigo ta ɓangaren lafiya, domin nan ne abin ke damuna. Tsire daban, kaza daban. Kaza guda, zabo, cinyar rago, balangu mai kauri, babban kifi, waɗannan ba a yanke musu hukunci da bindiga. Ma'aunin zafi mai tsinke ake bukata, wanda ake sokawa cikin nama.

Lambobin da Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta tsayar, kuma su ake koyarwa a darasin tsaftar abinci: kaza da duk dangin tsuntsaye 74 a tsakiya. Niƙaƙƙen nama 71, saboda niƙa yana tura ƙwayoyin cutar da ke saman nama zuwa ciki. Yankan naman sa ko rago wanda ba a niƙa ba 63, sannan a bar shi ya huta minti 3 kafin a yanka. Kifi 63. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita wa gidaje da cewa a dafa abinci ya kai 70. Duk waɗannan zafin tsakiya ne.

Abin da ke ban tsoro shi ne kuskuren bindiga a lokacin gashi kullum ɓangare ɗaya yake karkata, ɓangaren hatsari. Wuta daga waje take shiga, saboda haka waje ya fi ciki zafi. Mutum ya haska ya ga 90, ya ce ai ta wuce 74, ya sauke. Ƙwayar cutar Salmonela tana nan da ranta a jikin ƙashi. Kazar da aka ciro daga firiza ba ta gama saki ba ta fi kowace muni, fata ta ƙone ciki da sauran ƙanƙara.

Hajiya Rabi, Tudun Wada:
Malama, to ina ake soka tsinken? Kuma tsohuwar dabarar nan ta a yanka a duba ko akwai jini fa?

Malama Hadiza, Kongo:
A tsokar cinya mafi kauri, ta gefen da ke kallon jikin kazar, kada bakin tsinken ya taɓa ƙashi. Sannan a tsokar ƙirji. A soka a hankali, a ja baya kaɗan, lambar da ta fi ƙanƙanta ita ce hukunci. Mai lamba a allo da ɗan bakinsa yake ji, mai agogo kuwa sai an nutsa shi kamar santimita 5 kafin ya ba da awo na gaskiya, don haka bai dace da siririn nama ba. A wanke tsinken da sabulu da ruwan zafi bayan kowane soki a naman da bai gama ba.

Launi ba shaida ba ne Hajiya. Kazar gidan gona 'yar sati shida ƙashinta bai yi ƙwari ba, ɓargo yana tsattsafowa ya rina naman da ke kusa, sai ki ga ja ko da ta wuce 74. Niƙaƙƙen nama kuma yana iya yin ruwan ƙasa tun bai kai 71 ba. Yanka yana nuna ɗanye ƙarara, amma ba ya raba 65 da 74.

Alhaji Garba Mai Burodi, Danmagaji:
Kada a kashe wa mutane gwiwa gaba ɗaya. A gidan burodi mai obin na bulo ko na ƙasa, bindigar nan abar kirki ce, domin bulo da yumɓu suna cikin abubuwan da take aunawa daidai. Bayan an kwashe garwashi an share, a rufe ƙofa minti 15 zuwa 20 zafi ya bazu, sannan a haska ƙasan obin wuri biyar: kusurwa huɗu da tsakiya. Burodin gwangwani yana son ƙasa tsakanin 200 da 230. Idan ciki ya nuna 260 baki ya nuna 190, layin ciki zai ƙone a gindi, na baki ya fito fari. A jira, ko a goge cikin da jiƙaƙƙen buhu, a sake aunawa.

Abu biyu ake kuskurewa. Na farko haska sabon gwangwani mai ƙyalli, wannan lambar banza ce kamar yadda Injiniya ya faɗa. Na biyu haska ta gilashin ƙofar obin na gas ko na lantarki. Ido na ganin ciki, jan ɗigon ma yana ratsawa ya sauka a kan kek, amma hasken da bindigar ke aunawa ba ya ratsa gilashi. Zafin gilashin take ba ka. Cikin burodi kuma sai tsinke, 90 zuwa 95.

Malam Sani Mai Tsire, Sabon Gari:
Ke nan akwatin gilashin da muke jera nama a ciki ma haka ne, sai an buɗe.

Injiniya Bashir, Samaru:
Sai an buɗe, Malam. Haka kifin da aka naɗe a foyil. Foyil alminiyam ne mai ƙyalli, kuma yana da wata matsala ta biyu: abu mai sheƙi yana maido hasken abin da ke kewaye da shi. A kusa da garwashi, bindiga tana iya kama zafin garwashin da ya dawo daga jikin foyil ta ba da lamba sama, a juya hannu kaɗan ta ba da ƙasa. Duk awon da ke canzawa da yawa idan ka karkata hannu, to sheƙi kake aunawa.

Sai maganar nisa, wadda kusan kowa ke wasa da ita. A jikin bindigar akwai rubutu 12:1, wasu 10:1 ko 8:1. Ba ɗigo take aunawa ba, da'ira ce mai faɗaɗa kamar hasken tocilan. A 12:1, daga santimita 30 da'irar faɗinta santimita 2.5 ne. Daga santimita 60 ta zama 5. Daga mita ɗaya ta haura 8. Duk abin da ya faɗo cikin da'irar ana haɗa shi a raba. Wanda ya tsaya nesa yana gudun tartsatsi ya haska tsinken tsire mai faɗin yatsa biyu, ya auna tsire da toka da garwashi a haɗe. Ƙa'ida: abin da ake aunawa ya ninka da'irar biyu. A riƙe bindigar a miƙe, kada karkatarta ta wuce rabin kusurwa, wato digiri 45.

A kusa sosai kuma, ɗigon yana saman ido da santimita ɗaya ko biyu, don haka inda ya sauka ba nan ne tsakiyar da'irar ba, tana ƙasa da shi kaɗan.

Anti Larai, Wusasa:
Ni ɓangaren mai zan yi magana, domin nan ta fi biyan kuɗinta. Ƙosai, awara, dankali, cincin, duk suna son mai tsakanin 170 da 185. Ƙasa da 160 ƙosai yana shan mai ya yi nauyi, saboda tururin da ke fita daga ƙullun bai yi ƙarfin tare man ba. Sama da 190 bayansa ya yi duhu cikinsa ƙullu.

Yadda ake aunawa: a juya man da matsami sau biyu ko uku, domin ƙasa da sama ba zafi ɗaya ba ne, a haska tsakiyar kasko daga santimita 25 zuwa 30, tun ba a zuba komai ba. Da zarar ƙullu ya shiga, kumfa da tururi sun rufe fuskar man, lambar ta zama shirme. A tsakanin zubi da zubi ake aunawa. Nan za ki ga dalilin da ya sa zubi na biyu yakan fi na farko shan mai: an cika kasko, zafi ya sauka, ba a jira ya dawo ba aka sake zubawa.

Tana kuma nuna tsufan mai. Tataccen man gyaɗa na kamfani yakan kai wajen 230 kafin ya fara hayaƙi, na gida yana farawa da wuri. Duk suya tana rage wannan iyakar. Man da ke hayaƙi alhali bindiga na nuna 170 ya gama aiki.

Hajiya Rabi, Tudun Wada:
Anti, tandar masa fa? Tawa ta alminiyam ce irin ta maƙera.

Anti Larai, Wusasa:
Ta ƙasa ba matsala. Ta alminiyam, idan sabuwa ce fara, kada ki haska ta a bushe. Ki zuba mai a gurbin ya rufe ƙasan sosai, ki haska man. Shafawa da tsumma kaɗai bai isa ba, sheƙin ƙarfen yana ɗan ratso siririn mai. Idan ta tsufa gurbin ya yi baƙi ƙirin, ta zama kamar ta ƙasa. Gurbi ɗaya faɗinsa bai wuce santimita 7 ba, don haka ki matso kusa. Ki bi gurbi-gurbi za ki ga na tsakiya sun fi na gefe, nan za ki san yadda za ki baza garwashi.

Musa Mai Gyaran Firiji, PZ:
A wajen aikinmu baƙin tef na wayarin muke mannawa a bututu mai ƙyalli mu haska tef ɗin, lambarsa 0.95 ce. Ba za a yi haka a tukunya ba?

Injiniya Bashir, Samaru:
A kula ta abinci ko tukunyar da aka sauke, za a yi. A kan wuta a'a, domin tef ɗin yakan fara laushi daga 80 zuwa 100. Ga tukunya a kan wuta, a nemi wurin da baƙin hayaƙi ya kama sosai a gindinta ko gefenta, a haska nan.

Bindigogi masu madannin da aka rubuta wa EMS ana iya sauya musu lambar nan ta 0.95. Hanyar da ta fi ita ce a auna abin da ma'auni mai taɓawa, a yi ta rage lambar bindigar har su yi daidai. Amma a ƙasa da 0.3 ban ba da shawarar a yarda da awon ba ko an daidaita, saboda yawancin abin da bindigar ke gani a lokacin hasken kewaye ne. Kuma a tuna a mayar da ita 0.95. Wanda ya bar ta a 0.5 ya haska mai mai zafin 120, za ta nuna masa lambar suya tun man bai kai ba.

Alhaji Garba Mai Burodi, Danmagaji:
Injiniya, ni ina ganin rabin matsalar ta arha ce. Wanda ya sayi mai tsada irin ta kamfanin Fluke ba zai sha wannan wahalar ba.

Injiniya Bashir, Samaru:
Alhaji, nan ban bi ka ba. Mai tsada ta fi jure faɗuwa da ƙura, ta fi riƙe daidaitonta shekara da shekaru, kuma abin da aka rubuta a takardarta an gwada shi. Amma ita ma fata take aunawa, ita ma gilashi na tare ta, ita ma foyil na ruɗa ta. Alkawarin da yawancinsu ke yi, masu tsada da masu arha, kuskuren digiri 1.5 zuwa 2 ne, ko kashi 1.5 zuwa 2 cikin ɗari, wanda ya fi yawa. A 200 wannan digiri 3 ko 4 ne, ba zai ɓata ƙosai ba. Kuskuren sheƙi kuwa ya haura 100. Inda masu arha ke da rauni shi ne ba kowace ke cika alkawarin ba, biyu daga kwali ɗaya suna iya saɓawa. Shi ya sa ake gwadawa.

Gwajin ƙanƙara: a daka ƙanƙara a cika kofi mai faɗin baki, a zuba ruwan sanyi ya cike ramukan, a juya, a jira minti 2. A danna tsakiya da cokali ruwa ya taru, a haska ruwan a miƙe daga santimita 8 zuwa 10. Tsakanin 2 ƙasa da sifili da 2 sama da shi, lafiya take. Ta nuna 6 ko 7, a goge idon a sake. Ta maimaita, a mayar wa mai shago.

Malam Sani Mai Tsire, Sabon Gari:
Tafasasshen ruwa bai fi sauƙi ba? Kowa ya san 100 ne.

Malama Hadiza, Kongo:
Malam, ga mai tsinke ya yi, ga bindiga bai yi ba. Tururi yana tare hasken, yana kuma kwanciya a idon ya jiƙa shi. Sannan a Zariya ruwa ba ya kai 100. Garin nan ya haura mita 600 a kan teku, kuma duk mita 300 tana rage kusan digiri ɗaya, don haka wajen 98 yake tafasa. Mai tsinken da ya nuna 98 a tafasasshen ruwa a nan lafiyarsa ƙalau.

In ƙara wani abu don adalci. Akwai inda kuskuren bindiga ke karkata ɓangaren kariya. Abincin da aka gama aka ajiye, daga waje yake hucewa. Idan saman shinkafar da ke kula ya nuna 62, ciki ya fi haka. Ƙa'idar ita ce abinci mai zafi ya zauna sama da 60, mai sanyi ƙasa da 5, tsakaninsu ne ƙwayoyin cuta ke ninkuwa. Naman da ya yi awa biyu a gefen wuta yana nuna 40 ba ajiye shi ake yi ba, kiwon cuta ake yi. Haka firiza bayan an ɗauke wuta: saman nama ke fara ɗumi, bindiga za ta kama shi da wuri. Miya da madara kuma a juya su tukuna, yanar da ke sama ta fi ciki sanyi.

Musa Mai Gyaran Firiji, PZ:
A firiza a haska da zarar an buɗe, a jikin naman ko ledar da ta manne da shi. Ledar da iska ta kumbura a cikinta, cikin daƙiƙa kaɗan ta ɗauki zafin ɗaki. Firiza mai lafiya 18 ƙasa da sifili ce.

Hajiya Rabi, Tudun Wada:
Wadda aka yi ta haska goshi da ita lokacin korona a 2020 tana nan a gidaje da yawa. Za ta yi?

Malama Hadiza, Kongo:
Ba za ta yi ba Hajiya. An gina ta tsakanin 32 da 43, kuma tana ƙara wani lissafi a kan zafin goshi don ta kintaci na jiki. Masu madannin auna kaya ma yawanci 100 ce iyakarsu. Ta kicin ita ma ba a auna zazzaɓi da ita, kuskuren digiri 2 a jikin yaro babba ne.

Injiniya Bashir, Samaru:
Saura kulawa, domin yanayin garin nan yana cin ta. A yawancin masu arha idon roba ne. Ƙurar hunturu da hayaƙin kitse suna haɗuwa su yi masa danƙo, awon ya riƙa sauka a hankali ba a lura ba. A hure ƙurar tukuna, sannan a goge da auduga mai ɗan danshin ruwa ko sifirit, a bari ya bushe. Gogewa a bushe da bakin riga tana karce shi. A ajiye ta a jaka ko leda, ba a kan teburin gashi ba.

Kada a riƙe ta a kan garwashi fiye da daƙiƙa biyu ko uku. Tana kwatanta hasken da ke shigowa da zafin jikinta ne, idan bakinta ya yi zafi cikinta na da sanyi lissafin ya rikice, robar ma tana iya lanƙwashewa. Haka idan aka ɗauko ta daga motar da ta sha ranar Afrilu, ko daga sanyin asubar Janairu zuwa ɗakin obin, a ba ta minti 20 zuwa 30 ta saba. Alamar batir ta fito a canza nan take. A duba harafin da ke gefen lamba kuma, C ne ko F, domin madannin yana cikin gidan batir a wasu, hannu na taɓa shi. 165 a F shi ne 74 a C.

Alhaji Garba Mai Burodi, Danmagaji:
Ga mai obin na itace a nemi mai kai wa 550. Rufin obin kafin a kwashe wuta yana wuce 400, ƙaramar HI kawai za ta rubuta.

Hajiya Rabi, Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Malama Hadiza, tambaya ɗaya ta rage: kaji 50 a kan wuta ranar biki, kowace sai an soka?

Malama Hadiza, Kongo:
Amin Hajiya. A jera su bisa girma, manya layi ɗaya. A kowane layi a soka mafi girma da wadda ke wurin da wuta ta fi rauni, wurin da guntun ƙarfen Injiniya ya nuna tun farko. Idan waɗannan biyun sun kai 74 a cinya, a sauke layin. Idan ɗaya ta tsaya a 68, a juya layin duka, a ƙara minti 5, a sake sokawa a ɗaya cinyar.